Kiɗan gem da wahalar faifai, yadda na gani a Garwa

Ƙanina, tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya: wai kiɗan cikin gem, wato wasan bidiyo, ana ɗaukarsa kiɗa na gaske kuwa, kuma da sauran amfanin sayen faifai tunda ana iya saukewa ta intanet? Shekara tara ke nan ina riƙe da gidan gem a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, to ga abin da na sani.

Kiɗan ya fi zauna min a rai. Wata rana bayan isha'i yara sun watse, ina shara, na bar wani gem a kunne ba mai bugawa. Sai ga dattijon tela maƙwabcina a bakin ƙofa, awo rataye a wuyansa. Ya jima yana saurare, sannan ya ce, "Yaro, wane ne wannan mai gogen?" Bai san gem ba, bai damu da shi ba, amma kunnensa ya gane aikin gwani. Tun ranar na daina jin nauyin cewa ina sauraron kiɗan nan shi kaɗai.

Duniya ma ta yarda, sai dai ta makara. A 2011 waƙar Baba Yetu ta Christopher Tin, wadda ya yi wa Civilization IV, ta ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, kuma ita ce ta farko daga gem. Da harshen Swahili aka rera ta, harshenmu na Afirka, abin da nake alfahari da shi har gobe. Duk da haka sai a 2023 Grammy ta ware wa kiɗan gem rukuninsa, Stephanie Economou ta fara ɗauka. A shekarar ne kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa kiɗan Super Mario na Koji Kondo, na 1985, cikin sautukan da ƙasar ke adanawa. Wanda ya kalli buɗe gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 kuwa ya ji 'yan wasa na shiga fili da kiɗan Final Fantasy da Dragon Quest. In wani ya ce maka shirmen yara ne, ka karanta masa waɗannan.

Maganar faifai kuma, nan gizo ke saƙa. Mu na arewa kaya ba sa iso mu da sauƙi. Ko dai daga Duwala ko Yawunde, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundare sannan mota, ko a tsallako da su daga Yola ko Mubi. Bara na tura wa wani ɗan kasuwa na kudu kuɗi, na yi ta zarya tasha kwana goma sha ɗaya. Da ƙunshin ya zo, kwalin a fashe, faifan da zane kamar an ja shi a kan tsakuwa. Na kira, ya ce lafiya lau ya bar hannunsa. Kuɗina sun tafi ke nan, kuma har yau abin na ci min rai, don na mako guda ne na shagon.

Ko lafiyayye ya zo, da sauran rina a kaba. Faifan na'urorin gem na PlayStation, wato PS4 da PS5, yana aiki ko daga wace ƙasa ya fito, amma ƙarin sassan gem da ake saya ta intanet daga baya sai ya dace da yankin faifan. Yawancinmu asusun Faransa muke buɗewa, muna cika shi da katin yuro. In faifanka na Amurka ne, ƙarin da ka saya zai iya ƙin hawa. Ka duba harshe ma, don ba kowane faifai ke ɗauke da Faransanci ba, yaran shagona kuwa shi suke karantawa. Sannan ka sa faifai ya ce sai ya sabunta, data ta tafi, ana tsaka da haka a ɗauke wuta.

Duk da haka ni faifai nake saya. Sauke babban gem gaba ɗaya da intanet ɗinmu kwana ne da kwanaki, kuma abin da ka sauke ba ka sayar da shi, ba ka ba da aronsa. Faifai kuwa in ka gama ka yi musaya da wani, ka cika 'yan sefa kaɗan. Shi ya sa nake hana mutane sayen PS5 marar wurin faifai, komai sauƙinta.

Kada dai ka biya kuɗi ba ka ga bayan faifan a hasken rana ba. In ka samu mai sayarwa a gari, ku biyo ta shagona bayan la'asar mu sa shi a na'ura a gabansa.