Tambayi Likita: Naman Kazan da Ke Fitowa a Gindin Suri

Tambaya: Likita, aure ya kawo ni Kachia. Da damina maƙwabtana kan tsinko naman kaza a gindin suri su yi miya, har sun sammini, amma maigidana ya ce laimar kwaɗi ce, guba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Amarya, kowa da tasa gaskiyar. Wanda maƙwabtanki ke ci masana na kiransa Termitomyces, sunan da wani Bafaranshe, Roger Heim, ya raɗa masa a 1942. Gara ce ke noma shi. Takan tauna busasshiyar ciyawa da itace, ta gina wani abu kamar saƙar zuma a cikin surin, naman kazan kuma ya bi ya ruɓar mata da abin da cikinta ba zai iya narkarwa ba. Ruwa na sauka sai ya ɓullo. In aka tona a hankali, za a ga wata doguwar saiwa ta nutsa ƙasa har ɗakin garar. A Zambiya akwai irin da laimarsa kan kai faɗin mita 1, guda ɗaya ya ishi gida miya. Abinci ne mai kyau in an wanke, an dafa ya nuna. Sai dai ba duk abin da ya fito kusa da suri ne nasa ba. Ki ci daga hannun tsohuwar da ta shekara tana tsinka, amma kada ki ɗauki kwarya ki shiga daji da kanki.

Tambaya: Shekarata 58, ina da ciwon suga da hawan jini. An ce yana maganinsu?

Amsa: Alhaji, ba magani ba ne. Yawancinsa ruwa ne, ba maiƙo, sitacin kaɗan, don haka ba zai tayar maka da suga ba, sai dai tuwon da ka haɗa da shi. A rage gishiri da dunƙule, a ci gaba da shan ƙwayoyi. In ƙoda ta taɓu, a fara tuntuɓar likita, don yana da sinadarin fotashiyam.

Tambaya: Gaskiya ne in aka sa cokalin azurfa ko albasa a tukunya, mai guba zai sa su yi baƙi?

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Haka batun wai in ƙwari sun ci, mutum ma zai iya ci. Tafasa kuma ba ta kashe mugun dafin.

Tambaya: Yarona ɗan shekara 7 ya ci wanda suka tsinto a gona da rana. Cikin dare ya kama amai da gudawa, na ba shi manja da madara. Yau ya tashi garau yana wasa. Shi ke nan ko?

Amsa: Maman yaro, ki ajiye wayar nan ki kai shi asibiti yau, ba gobe ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tazarar da ke tsakanin cin da fara aman. Akwai wani fari mai faɗin laima da ke fitowa a ciyawa, wanda ƙasan laimarsa ke komawa kore-kore in ya tsufa. Shi cikin sa'a 1 zuwa 3 yake sa amai, ya wahalar da mutum, galibi ya sake shi. Amma wanda ya yi shiru sa'a 6 zuwa 24 kafin ciki ya murɗa, irin dangin Amanita, hanta yake nema. Aman kan tsaya, yaro ya nemi abinci, uwa ta ce Alhamdulillahi, alhali hantar na lalacewa. Kwana 3 zuwa 5 sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, hankali ya fara gushewa. A lokacin aiki ya yi wa likita yawa.

Manja da madara ba sa karya wannan dafi, kuma ɗura wa yaro manja yana amai kan sa ya shaƙe shi cikin huhu. Ki riƙa ba shi ruwan gishiri da suga a hanya. Ki faɗa wa likita ƙarfe nawa ya ci, ƙarfe nawa aman ya fara, a yi masa gwajin hanta da ƙoda. In da saura, naɗe shi a takarda, ba leda ba, ki tafi da shi. Sauran yaran da suka ci tare ma a kai su, ko ba su ce komai na damunsu ba.