Ware wa mashaya sigari layin baya a gidan sinima yana kare sauran mutane?

Tambaya: Likita, ina aiki a wani gidan sinima, ni ke duba tikiti da nuna wa mutane wurin zama. Ban taɓa sa sigari a bakina ba, amma a 'yan watannin nan kullum na tashi aiki sai ƙirjina ya cushe, in kwana ina tari, wani lokaci har numfashina yana fito. Mai gidan ya ware layukan baya ga masu shan sigari. Ya ce tunda akwai na'urar sanyaya ɗaki da fankoki masu zuƙe iska, hayaƙin ba zai taɓa kowa ba, kuma in ya hana gaba ɗaya 'yan kallo za su ƙaurace masa. Ina da iyali, ina tsoron rasa aikin, ina kuma tsoron huhuna. Maganarsa gaskiya ce?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Tari da dare, cushewar ƙirji da fito a numfashi, waɗanda suke tsananta bayan aiki, alamu ne da suke sa mu fara zargin asma. Ba zan yanke maka hukunci ban sa maka abin awo a ƙirji ba, amma damuwarka tana kan hanya. Maganar mai gidanka kuwa ba gaskiya ba ce, kuma ita ce maganar da na fi gajiya da ji daga masu otal, masu gidajen cin abinci, har da wasu jami'an da aka ɗora wa alhakin duba wuraren.

Ka yi wannan gwajin da kanka. In an kashe fitilu an fara fim, ka ɗaga kai ka dubi hasken da ke fitowa daga injin haska fim zuwa allo. Za ka ga hayaƙin yana murɗawa a cikin hasken tun daga baya har gaba, bai san inda layin mashaya ya ƙare ba. Wanda idonka ya gani ɗin ma shi ne ƙarami. Mafi yawan hayaƙin da ke cika ɗakin daga bakin sigarin da ke ci a hannu yake tashi, bai bi ta cikin audugar tacewa ba. A cikinsa akwai sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa, ga kuma ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, masu wuce maƙogwaro su isa can ƙasan huhu. Ware layi a ɗaki ɗaya tamkar zuba guba ne a gefen rijiya a ce wa jama'a su ɗiba daga ɗaya gefen.

Na'urar sanyaya ɗaki kuma, mutane suna ba ta aikin da ba nata ba. Yawancinsu iskar cikin ɗakin suke zuƙa, su sanyaya ta, su sake huro ta. Wato ita ce ma take kwasar hayaƙin layin baya ta raba wa na gaba. Ragar da ke cikinta ƙura take tarewa, iskar gas irin su kabon monoksaid sai su wuce abinsu. Fanka mai zuƙe iska tana rage wari, ban musa ba, kuma a nan yaudarar take: da hanci ya daina ji sai kowa ya saki jiki. Wari ba shi ne ma'aunin guba ba, kabon monoksaid ɗin ma ba shi da wari ko kaɗan.

Wannan ba ra'ayin likitoci kaɗai ba ne. A 2005 ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, wato mutanen da wannan ce sana'arsu, ta fito ta ce hanyar da za ta kawar da haɗarin a cikin gini ita ce a hana shan sigarin a ciki. A 2006 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya ce babu wani adadin hayaƙin da za a ce ba shi da illa, kuma raba wurin zama ko tace iska ba sa kare wanda ba ya sha. A 2007 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da ƙa'idojin sashe na 8, waɗanda suka ce wurin aiki da wurin taruwar jama'a mai rufi ya zama babu hayaƙi ɗari bisa ɗari. An ma gwada wannan dabarar ta layin baya a jiragen sama shekara da shekaru, ma'aikatan jirgi suka yi ta shaƙa, daga ƙarshe aka hana gaba ɗaya.

To daga ina maganar ta samo asali? Takardun cikin gida na kamfanonin taba, waɗanda shari'o'in Amurka suka bankaɗo a shekarun 1990, sun nuna yadda kamfanonin suka riƙa tallata raba wurin zama da na'urorin iska don kada a kafa dokar hani. Mai gidanka bai sani ba, tallan wasu yake maimaitawa kyauta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jami'in da zai shigo, ya ga an manna takarda an rubuta sashen mashaya, ya sa hannu ya tafi. Takarda ba ta tare hayaƙi. Ɗan kallo zai zauna awa biyu ya fita, kai kuma a ciki kake wuni, fim bayan fim, sannan ka share kujerun da hayaƙin ya riga ya kama yadinsu. Wanda ba ya sha amma yake zama cikin hayaƙin wasu a gida ko wurin aiki, haɗarin ciwon zuciyarsa yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, na kansar huhu da kashi 20 zuwa 30.

Batun gudun 'yan kallo, an yi wannan kukan a ko'ina kafin doka. Ailan ta hana shan sigari a duk wuraren aiki masu rufi a watan Maris na 2004, har da gidajen giya, aka ce kasuwa za ta mutu, ba ta mutu ba, kuma goyon bayan dokar ya ƙaru bayan an fara aiki da ita, har a cikin masu shan sigarin. Sikotlan ta bi sahu a 2006, Ingila a 2007. A Sikotlan wani bincike a asibitoci 9 ya gano cewa masu kwanciya saboda bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin ɗari bayan dokar. Mai gidanka yana ƙirga mashayan da zai rasa, bai ƙirga iyaye masu yara, masu juna biyu da masu asma da suka daina zuwa ba tare da sun gaya masa dalili ba. Mashayi kuma ba a kore shi ba, waje aka ce ya fita, nesa da ƙofa da taga.

Kai kuma, kada wani ya sayar maka da maganin wanke huhu, ko ya ce ka sha madara bayan aiki ta wanke hayaƙin. Abin da ka haɗiya ciki yake tafiya, ba ya bi ta huhu. Takunkumin yadi ma ba ya tare gas. Ka je asibiti a yi maka gwajin hura iska, ka gaya wa likita irin aikinka, ka kuma lura ko alamun suna lafawa a ranakun hutunka, domin wannan bayanin yana taimaka mana ƙwarai. In an ba ka maganin shaƙa, ka sa a nuna maka yadda ake amfani da shi. Ka nemi likitan ya rubuta maka takarda, ku haɗu da abokan aikinka ku kai wa mai gidan tare, ka kuma bincika abin da dokar inda kake ta tanada, domin ƙasashe da dama sun riga sun haramta shan sigari a gidajen sinima. Kafin nan ka roƙi a mai da kai ɗakin sayar da tikiti. In numfashi ya ɗauke maka har ka kasa ƙarasa magana, ko ka ji ciwo yana danne maka ƙirji, kada ka jira a tashi fim, ka wuce sashen gaggawa kai tsaye.