Sophie ta littafi da Sophie ta katun

Ƙanwata, kin ce ke da 'yarki kun kalli katun ɗin Howl's Moving Castle har sau uku, sai wata ta ce miki ai ba ki ga komai ba tunda ba ki karanta littafin ba. Kina tambaya ko da gaske ne, ko kuwa kurin masu karatu ne kawai. To bari in ba ki nawa, don ni ma ta ƙofar da kika shigo na shigo. Katun na fara gani, sai bayan wajen shekara huɗu na tsinci littafin a shimfiɗar wani mai sayar da littattafan gwanjo, bangon ya naɗe, shayi ya ɓata shafukan tsakiya. Na karanta shi ya fi sau biyar, kuma ɗalibaina 'yan aji biyar na sakandare sun yi ta karɓa-karɓa da shi har ɗinkin ya saki, ya rabu gida biyu.

Ki karanta. Amma ki cire rai da cewa abin da kika kalla za ki tarar a rubuce. Diana Wynne Jones, marubuciya 'yar Birtaniya, ta fitar da littafin a 1986, Hayao Miyazaki na kamfanin Studio Ghibli a Japan kuma ya yi katun ɗin a 2004. Sun taso tare har wajen sulusin farko, daga nan kowa ya kama hanyarsa. 'Yan uba ne, kamar fuska kawai suka yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jarumar labarin, ita Sophie kanta. A ƙasar Ingary ta cikin littafin, kowa ya yarda cewa idan 'ya'ya uku ne, babbar ba ta da rabo, auta ce mai sa'a, kamar dai yadda muka tashi muna ji a tatsuniyoyinmu, yayye su je su kasa, auta ya je ya dawo da nasara. Sophie ce babba, ƙannenta biyu Lettie da Martha, don haka tun tana 'yar shekara 18 ta sallama, ta zauna a shagon huluna na mahaifinta tana ɗinki, ba ta ko leƙa waje. Kaɗaici ya sa take yi wa hulunan magana. Ta ce wa wannan ke mai kuɗi za ki aura, ta ce wa waccan ke wani babban mutum zai gan ki ya so ki. Sai kuma abin ya riƙa faruwa ga matan da suka sayi hulunan, ita ba ta ma lura ba. Bakinta ne ke da kaifi. Abin da ta faɗa wa abu, shi yake zama. Sandar da take dogarawa, mutum-mutumin gona da ta tsinta a cikin shinge ta yi masa magana ya tashi yana bin ta, duk aikin bakinta ne. Kakata mai ɗinkin hula ce, kuma haka take, ta zauna a tabarma tana yi wa allura faɗa idan zare ya ƙi shiga. Ranar da na karanta wannan wurin ita na gani zaune.

To Miyazaki ya cire wannan kusan gaba ɗaya. Sophie ɗinsa ba ta da wata baiwa da aka fito aka ambata, haƙuri da tausayi ne makaminta. Ta littafi kuwa, da wata muguwar matsafiya ta yi mata asiri ta koma tsohuwa 'yar shekara 90, sai bakinta ya buɗe. Masifaffiyar tsohuwa ce sosai, mai bincike a ɗakin mutane, mai sa baki a abin da ba a kira ta ba, ta yanka wa Howl, matsafin da ta fake a gidansa mai tafiya, rigarsa don haushi, ta yi kuskure ta ƙi yarda. Tana ganin tunda ta tsufa, wa za ta ji wa kunya? Har daga baya aka gano cewa Howl ya sha gwada warware mata asirin a ɓoye ya ƙi warwaruwa, saboda ita ce ke riƙe da shi, tsufan ya zame mata mayafi.

Akwai wuri guda da za ki gane bambancin da idonki. Kin tuna inda Sophie ta share banɗaki ta hargitsa wa Howl kwalaben rini, gashinsa ya canza launi, ya zauna yana tsatsafar da wani koren yauƙi kamar an kifar da tukunyar miyar karkashi? A katun, Sophie ta fashe da kuka ta ce ita ba ta taɓa yin kyau ba ko sau ɗaya, ta fita cikin ruwan sama tana rusa ihu, sannan ta dawo ta ciccibe shi zuwa sama. A littafi ba kuka. Ta daka masa tsawa ta ce ya daina abin yara, ita da almajirinsa Michael suka tura shi banɗaki, ta ɗauki tsintsiya ta kore yauƙin ta ƙofa tana mita. Wuri ɗaya, mata biyu daban.

Shi ma Howl haka. A gari ana raɗe-raɗin maye ne, yana cinye zuciyar 'yan mata, ashe shi ya sa aka baza maganar don a ƙyale shi. Gaskiyar abin, mayaudari ne. Sai ya yi awa biyu a banɗaki yana gyaran gashi, ya saɓi garayar Turawa da bai iya kaɗawa ba, ya je zance, da yarinya ta kamu sai ya ɓace. Matsoraci ne, gwanin zamewa, mura kaɗai ta kama shi sai da ya hana gidan sakat da nishi. Kuma kin san ƙofar gidansa mai launi huɗu, wadda kowane launi ke buɗe ta zuwa wani wuri daban? A katun baƙin yana kai shi fagen yaƙi. A littafi baƙin yana buɗewa ne a Wales ta duniyarmu, wani yanki na Birtaniya, don ainihin sunansa Howell Jenkins, yana da mota, yana da 'yar'uwa Megan da ke yi masa gorin rashin aikin yi, ɗanta kuma na zaune gaban wasan kwamfuta. Na yi dariya har da hawaye a inda aka saka Sophie a mota. Wata ɗalibata kuwa, wadda ta gama mutuwa a kan Howl na katun, a nan ta tsaya. Ta dawo mini da littafin ta ajiye a tebur ta ce, "Malama, wannan ba Howl ɗina ba ne."

Ra'ayin masu karatu kusan a nan yake rabuwa. Waɗanda suka fara da littafi suna jin an yi musu fashi: ina Wales, ina Martha, me ya sa Michael ɗan shekara 15 da ke soyayya ya koma ƙaramin yaro, me ya sa Suliman, matsafin sarki, da yake namiji ya koma mace, kuma wa ya kawo yaƙi? Waɗanda suka fara da katun su kuma suna ganin littafin ba soyayya, faɗa kawai, don har shafukan ƙarshe Sophie da Howl cacar baki suke yi.

Maganar yaƙin tana da tushe. A littafi ana ambaton barazanar yaƙi daga nesa, ba a ganin sa. Miyazaki ya yi aikin katun ɗin ne daidai lokacin da Amurka ta afka wa Iraƙi a 2003, abin ya ɓata masa rai har ya ƙi zuwa karɓar kyautar Oscar da wani fim ɗinsa ya ci a shekarar. An haife shi a 1941, ya yi ƙuruciya ana ruwan bama-bamai a Japan, masana'antar danginsa kuma kayan jiragen yaƙi take ƙerawa. Don haka jiragen nan masu zubo wuta a kan gari nasa ne, daga cikinsa suka fito. Ita ma Jones, wadda aka haifa a 1934, yaƙin duniya na biyu ya sa aka kwashe ta daga Landan aka kai ta wajen kakanninta a Wales tana 'yar shekara biyar. Yaƙi ɗaya ya taɓa su, shi ya zana wutar, ita ta buɗe ƙofa zuwa Wales. Kuma ta kalli katun ɗin kafin rasuwarta a 2011, ta yaba, ba ta yi ƙorafin an canza mata labari ba.

Ni dai a nawa ganin, littafin ya fi iya gina mutane, amma akwai inda katun ya yi masa fintinkau, kuma masu kurin karatu ba sa son a faɗa. Gidan kansa ma. A littafi wani dogon baƙin gini ne mai hayaƙi yana yawo a kan tuddai, a katun kuwa tarin ƙarafa ne kamar kayan 'yan gwangwan, yana tafiya da ƙafafu huɗu irin na kaza yana huci. Sai matakalar fada, inda tsofaffi biyu abokan gaba ke hawa, Sophie na ɗauke da kare, matsafiya na zubar da gumi tana narkewa, suna zagin juna, amma Sophie ta tsaya a sama tana ce mata ta daure ta ƙaraso. Bayan an ƙwace wa matar tsafinta ta koma tsohuwa tukuf, Sophie ta kai ta gida tana ba ta abinci a baki da cokali. Matar da ta lalata mata ƙuruciya fa. A littafi babu wannan, muguwa ce har ta mutu. Duk wadda ta taɓa jinyar tsoho mai wuyar hali ta san nauyin cokalin nan. Ga kuma yadda fuskar Sophie ke komawa yarinya idan tana barci ko ta manta da kanta, ta sake tattarewa da zarar ta ji kunya, ba tare da an yi bayani ba. Kiɗan da Joe Hisaishi ya yi wa katun ɗin kuwa, ai kin ji shi da kunnenki.

Ƙarshe ne dukansu suka yi tuntuɓe. Na katun gaggawa: a sumbaci mutum-mutumi ya koma yarima, a ce an fasa yaƙi, duk cikin 'yan mintoci. Na littafi kuma cunkoso, asirai biyar suna warwarewa a shafi goma, da maganar sassan jikin mutum biyu da aka gauraya, sai da na koma baya sau biyu kafin na gane waye waye. Akwai kuma tsohuwar waƙar Ingilishi ta John Donne da aka gina asirin da matsafiyar ta yi wa Howl a kanta, ita ce ta fi ba ɗalibaina wuya, sai da na zauna na warware musu ita baiti-baiti.

Game da 'yarki, Turancin littafin mai sauƙi ne, babi 21 ne gajeru. Idan ba ta kai shekara 12 ba ku karanta tare, babi ɗaya bayan isha'i, don akwai zancen yaudarar 'yan mata da wani wuri da Howl ya dawo gida a buge, gara ki kasance kusa idan ta yi tambaya. Akwai ci gaba guda biyu, na 1990 da na 2008, amma a cikinsu Sophie da Howl ba su ne jigon labari ba, kada ki yi gaggawar nema. In kin kai babi na shida, wurin yauƙin nan, ki dawo ki faɗa mini wace Sophie ce ta fi kama da ke. Ni ta tsintsiyar ce, mijina shaida ne.