Kai Tsohuwa Mai Ciwon Sukari Da Hawan Jini Umara: Abin Da Ya Kamata A Shirya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri, ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ka ce za ka kai Hajiya Umara, tana da ciwon sukari da hawan jini, kana tambayar abin da za ka tanada. Daga cikin abubuwan da ke kwantar da tsofaffinmu a Makka akwai uku: zafi, ciwon ƙafa, da rikicewar shan magani. A nan za ka sa ƙarfinka.

Ka fara kai ta wurin likitanta tun saura mako shida a tashi. Ya duba jininta da sukarinta, ya rubuta takarda da Turanci mai ɗauke da sunan cutar, sunan kowane magani da adadin da take sha. Idan tana shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ka tambaye shi musamman, domin yana iya kayar da sukari ƙasa sosai idan an yi doguwar tafiya ba a ci abinci ba. Haka maganin hawan jini mai sa fitsari, yana ƙara busar da jiki a zafi. Kada ku rage ko ku daina da kanku.

Rigakafi kuwa, allurar sanƙarau mai nau'i huɗu, ACWY, dole ce, kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin shiga Saudiyya. Mai zuwa daga Najeriya ko Nijar sai da katin zazzaɓin shawara, wanda tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ana neman shaidar rigakafin shan inna ma. A yi allurar da gaske, kada a sayi kati kawai. Taron da ya haɗa mutane daga kowace kusurwar duniya ba wurin wasa da sanƙarau ba ne.

Maganinta duk ya shiga jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, da rarar mako biyu ko da jirgi zai yi jinkiri. Kada insulin ya shiga jakar da ake aunawa, saboda sanyin ƙasan jirgi yana iya daskarar da shi ya lalace. Wanda ba a buɗe ba yana son firij, wanda aka buɗe kuma yakan kai kwana 28 muddin zafin ɗakin bai haura digiri 30 ba. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, sai a daidaita lokacin sha.

Tramadol da kodin kada su shiga kayanku sai da takardar likita. Goro ma an hana, komai son da Hajiya take masa. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan ƙulli ne, ka kuma ƙirga takardun shaidar jakunkunan da aka liƙa da sunanku, su yi daidai da yawan jakunkunanku. Hukuncin safarar ƙwaya a can yana kaiwa ga kisa.

Mu zo kan zafi. A aikin Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai 51.8 a Harami, mutane sama da 1,300 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba inuwa. Kada ka ce ai mu 'yan Arewa ne, mun saba. A gida tsohuwa tana zaune a inuwa, a can kuwa tafiya take yi. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da zirga-zirgar masauki. Ku yi Umarar bayan Isha'i ko bayan Asuba, bayan ta yi barci ta ci abinci, ba daga saukowa mota ba. Idan gwiwa tana damunta, a ɗauki keken guragu, ɗawafinta ya inganta. Tsofaffi sukan ƙi shan ruwa don tsoron karyewar alwala da nisan bayi, kuma wannan shi ne yake kayar da su. Ka riƙa ba ta Zamzam kaɗan-kaɗan ba sai ta nema ba. Fitsari ya yi ja ko ya ragu, ruwa ya yi ƙaranci ke nan. Idan gudawa ta kama ta, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a ga likita a ranar.

Idan ta fara rawar jiki, zufa mai sanyi, ko magana ba kan gado, ka auna sukarinta nan take. Idan na'urar ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, ka ba ta dabino uku ko rabin kofin lemo mai zaƙi, ka sake aunawa bayan minti 15. Idan sukarin daidai yake amma jikinta ya yi zafi rau kuma ta rikice, bugun rana ne: a kai ta inuwa, a jiƙa ta da ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, a kira 911 ko 997. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki.

Ƙafa ita ce aka fi mantawa. Mai ciwon sukari sau da yawa ba ya jin zafi a tafin ƙafarsa, sai takalmi ya ɓace a ƙofar Harami, ta taka kwalta mai zafi har masauki, ƙafa ta ƙone ba ta sani ba. Irin wannan gyambon ne yake kaiwa ga yanke ƙafa. Ta sa takalmin da ta saba da shi, ba sabo ba, da safa mai kauri, ta riƙe takalminta a 'yar jaka a jikinta. Kowane dare ka duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu da idonka.

Tari da mura kusan kowa yana kwasowa, ku sa takunkumi cikin cunkoso. Amma zazzaɓi ya taso, ka gaya wa likita daga inda kuka fito, a gwada maleriya, don tana iya biyo mutum daga gida ta bayyana a can. Kai kuma wajen aski, ka je shagon da ke da lasisi, a buɗe sabuwar reza a gabanka saboda ciwon hanta.

Ka rataya mata kati a wuya da sunanta, sunan masauki da Larabci, lambar wayarka ta can, da cewa tana da ciwon sukari. Ku tsayar da ƙofa ɗaya ta Harami mai lamba, ku haddace ta, idan cunkoso ya raba ku ta je can ta zauna har ka zo.