Tambaya da Amsa: Kwana bakwai zai ishe mu hawan Kotopaksi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokina za mu je ƙasar Ekwador yawon buɗe ido, muna kuma son hawan Kotopaksi, dutsen nan mai aman wuta. Hutun kwana bakwai gare mu, kuma dukanmu 'yan motsa jiki ne. Zai isa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, in da hali ku mai da shi kwana goma. Tsayin Kotopaksi mita 5,897 ne, kuma oksijin da kake shaƙa a ƙololuwarsa kusan rabin na bakin teku ne. Ƙarfin jiki ba ya maganin wannan, sai sabo. Sau da yawa ma ƙarfafan ne ke fara galabaita, don su ne masu sauri.

Birnin Kito, babban birnin ƙasar, shi kansa yana kan mita 2,850, don haka ku ƙarar da kwana biyun farko a yawon tsohon gari. Sannan ku hau dutsen Ruku Picinca, kusan mita 4,700, ku sauko ku kwana ƙasa, bayan haka ku hau dutsen Iliniza ta Arewa mai mita 5,126. Da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500.

Ciwon kai, tashin zuciya da ƙin abinci na nufin a dakata. Amma wanda ya fara tangaɗi ko surutai, ko yana haki alhali a zaune yake, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, domin ƙwaƙwalwa ce ta kumbura ko ruwa ya taru a huhu. Maganin acetazolamide, miligiram 125 safe da yamma, yana taimaka wa jiki ya saba, amma da izinin likita. Mai sikila kada ya kusanci wannan tafiya; mai AS ma ya ga likita tukuna, saboda saifa kan samu matsala a irin wannan tsayi.

Ranar hawan Kotopaksi, ana barin masaukin da ke jikin dutsen, wajen mita 4,800, ne da tsakar dare, a yi awa shida zuwa takwas ana hawa. Dalili shi ne da dare ƙanƙara a daskare take. Rana na ɗagawa sai ta yi laushi, murfin ƙanƙarar da ke kan ramuka ya rufta da mutum. Za a ɗaura maka ƙarfe mai haƙora a ƙasan takalmi, a ba ka gatarin ƙanƙara, hular kwano da fitilar goshi, a haɗa ku da igiya. Kada ka manta baƙin tabarau, hasken dusar ƙanƙara yana ƙona ido.

Doka ta wajabta ɗaukar jagora mai lasisi. Ku kuma tabbatar dutsen a buɗe yake kafin ku biya: an rufe shi daga 2015 zuwa 2017 da ya yi aman toka. Dalar Amurka ake kashewa a can, ku tanadi ƙananan takardu.