Takardar CAC ba za ta kare maka sunan kayanka ba

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da tambaya. Yana haɗa garin yaji yana ƙullawa a leda, kuma sunan da launin ledar sun yi kama da na wani babban kamfanin ƙasar waje. Lauyoyin kamfanin sun aiko masa da takarda cewa ya daina. Ƙaninsa ya ce kada ya kula su, tunda yana da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, kuma gwamnati ba za ta bari baƙo ya danne ɗan ƙasa ba. Shin ya yi biris da takardar?

Alhaji, kada ka yi biris. Kuskurenka guda ɗaya ne: ka ɗora jarinka a kan maganar ƙaninka, wanda bai san bambancin rajistar kasuwanci da rajistar tambari ba. CAC ta ba ka damar yin kasuwanci da wani suna, shi ke nan. Mallakar sunan da ke jikin leda tana ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Idan kamfanin ya riga ka rajista a aji na 30, inda kayan yaji suke, alƙalin Babbar Kotun Tarayya takardarsu zai duba, ba zai tambayi wane ne ɗan gida ba.

Batun gwamnati kuwa, ka cire shi daga ranka. Gwamnatoci da kansu suna shan wuya a hannun irin waɗannan kamfanoni. A 2005 Habasha ta nemi yin rajistar sunayen kofinta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, a Amurka. Sunayen yankunanta ne fa, amma ta tarar kamfanin sayar da kofi na Starbucks ya riga ya shigar da buƙatar wani suna mai ɗauke da Sidamo. Sai da ƙungiyar Oxfam ta tayar da ƙura a duniya kafin a sasanta a 2007. Uruguay ta kafa dokar rufe kashi 80 cikin 100 na kwalin taba da gargaɗin lafiya, kamfanin taba na Philip Morris ya maka ta a kotun sasanta rikicin masu zuba jari a 2010, yana cewa an tauye darajar tamburansa. Uruguay ta yi nasara, amma sai a 2016, kuma har da tallafin kuɗi daga gidauniyar Bloomberg. Ƙasa sukutum ta yi shekara shida tana biyan lauyoyi. Kai wata nawa ribar yajinka za ta ɗauki nauyin shari'a?

Na kuma fahimci lissafin da aka yi tun farko: a kwaikwayi ledar da ta yi suna, kaya su tashi da wuri. Wannan cin bashi ne da sunan wani, ga shi mai bashi ya zo.

Tsayar da buga sabuwar leda daga yau. Ɗauki lauyan da ya san harkar tambura, ba na filaye ba, ya amsa takardar kafin wa'adinta ya cika, ya nemi a ba ka wata uku zuwa shida ka sayar da abin da ke rumbu. Kamfanoni sukan yarda, domin sulhu ya fi musu sauƙi. Daga nan ka zaɓi sabon suna wanda ba ya bayyana kayan kai tsaye, don "Yaji Mai Daɗi" ba zai samu rajista cikin sauƙi ba. A bincika a ofishin kafin ka biya mai zane ko sisi. Bayan an buga sunan a mujallar tambura akwai wata biyu na masu ƙorafi. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa 14.

Idan kana kai kaya Maraɗi ko Damagaram, takardar Abuja ba ta aiki a can. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar da ke yi wa wasu ƙasashen Afirka rajistar tambura, mai hedikwata a Yaounde, rajista ɗaya a wurinsu ta ishe ka har Kamaru da Chadi. Kuma sunanka ko na kamfaninka za a rubuta a kan takardar, kada ka bari a sa na ƙaninka.