Tambaya da Amsa: Kaya na yanke min ana tsaka da ciniki, ina matsalar take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina saro kaya da yawa ina rarraba wa masu shaguna. Matsalata kullum ɗaya ce cikin biyu, ko dai kaya su yanke min ana tsaka da nema kwastomomi su koma wajen wani, ko kuma in ji haushi in yi oda mai yawa su zo su cika min sito wata da watanni ba su motsa ba jarina ya kwanta. Wallahi har na fara tunanin ko harkar ce ba ta karɓe ni ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki cire wannan tunanin daga ranki, harkar ta karɓe ki tunda har ana neman kayanki, lissafin lokaci ne kawai bai zauna miki ba. Tambayata gare ki ita ce, daga ranar da kika tura oda zuwa ranar da kayan suka shiga sitonki aka ƙirga su, kwana nawa ne? Ba kwanakin da dila ya faɗa miki a waya nake nufi ba, ainihin waɗanda aka saba ɗauka nake nufi, har da ranar da aka ce mota ta lalace a hanya da ranar da takarda ta maƙale a wajen kwastan da ranar da aka rasa masu sauke kaya. Da yawa sun haddace farashin sari amma wannan adadin ba su taɓa rubuta shi ba, kuma shi ne ke cinye musu riba.

Mu ce kina sayar da katan 20 a rana, oda kuma tana ɗaukar kwana 15 kafin ta iso. Kenan cikin kwanakin jiran nan za ki sayar da katan 300. To duk ranar da kika leƙa sito kika ga saura 300, ranar ce ranar oda, ba sai kin ga bango ba. Sai ki ƙara ɗan na kariya saboda jinkiri, in dilanki kan makara da kamar kwana 5 sai ki ɗora katan 100, ranar odarki ta koma lokacin da ya rage 400. Ki yi wa kowane kaya mai tafiya nasa lissafin daban, waɗanda ba sa gudu kuwa kar ki wahalar da kanki a kansu, kaɗan-kaɗan ya isa.

Ita kuma odar haushi da kika ambata, ki yi hattara da ita don ba ke kaɗai take cuta ba. Kamfanin Procter & Gamble ya lura da wannan a kan kunzugun jarirai na Pampers: jarirai na amfani da shi kusan daidai kullum, amma odar da dillalai ke turowa sai ta yi sama ta faɗo, wadda kamfanin ke tura wa masu ba shi kayan aiki ma ta fi hauka. Masana suna kwatanta abin da bulala, hannu ya ɗan motsa kaɗan amma bakinta ya yi tsalle mai nisa. Mai shago ya ga kaya sun yanke ya ninka odarsa, ke ki tsorata ki ninka taki, masana'anta ta ɗauka duniya ce ke nema ta ƙara aiki, bayan wata biyu kowa ya zauna da kaya jibge. Maganinsa ki riƙa tambayar masu shagunanki nawa suka sayar a zahiri, ki gina odarki a kan wannan.

Za ki ji ana yabon tsarin Toyota wanda Taiichi Ohno ya gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu, na kawo kaya daidai lokacin da ake buƙatarsu ba tare da tara su ba. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma ko su Toyota ɗin bayan girgizar ƙasar Japan ta Maris 2011 sun sa masu kawo musu ƙananan na'urorin lantarki na mota su riƙa ajiye na watanni, shi ya sa da ƙarancin na'urorin ya zo a farkon 2021 suka fi wasu jurewa, duk da daga baya su ma sai da suka rage aiki. Ina so ki gane abin da ke wuyar samu shi ake yi wa ajiya, wanda ake samu cikin kwana ɗaya ba ya buƙatar ta.

TAMBAYA: Malam ina shirin shigo da kwantenata ta farko daga waje, kamfanin ya ba ni farashi biyu, ɗaya FOB ɗaya CIF. Abokina ya ce in ɗauki CIF in huta tunda komai na wuyansu har kaya su iso. Haka ne?

AMSA: Ɗan'uwa abokinka ya faɗi rabi ya bar rabi. Waɗannan suna cikin ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms, waɗanda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya mai hedkwata a Paris ta fara fitarwa a 1936, na yanzu na 2020 ne kuma guda 11 ne. A FOB mai sayarwa zai ɗora maka kaya a jirgi a tasharsu, kuɗin jirgi da inshora naka ne. A CIF shi zai biya kuɗin jirgi da inshora har tasharku, amma ga inda mutane ke ruftawa, haɗarin kayan yana dawowa wuyanka tun lokacin da aka ɗora su a jirgi can, daidai da FOB. In ruwa ya ɓata su a teku kai ne za ka bi kamfanin inshora, kuma inshorar da aka wajabta masa mafi ƙanƙanta ce, ba komai take ɗauka ba. Kuɗin kwastan da na jinkirin fitar da kwantena daga tasha duk naka ne, shi na jinkirin nan kullum ƙaruwa yake yi da zarar kwanakin kyauta sun ƙare. Tunda karon farko ne CIF ba laifi, amma ka nemi kwafin takardar inshorar ka karanta, ka tambayi kwanakin kyauta nawa aka ba ka, kuma ka samu ejan mai fitar da kaya tun jirgi bai iso ba.

TAMBAYA: Dila ɗaya nake hulɗa da shi shekara da shekaru, bai taɓa cutata ba. Dole ne in nemi na biyu?

AMSA: Ka riƙe shi da kyau, amana ba a samunta a ko'ina. Amma amanarsa ba za ta buɗe hanyar da ta toshe ba. A Maris 2021 jirgin Ever Given mai tsawon mita 400 ya gitta a mashigin Suwez kwana 6, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko, daga ƙarshen 2023 kuma hare-haren Tekun Maliya suka sa manyan kamfanonin jirage zagayawa ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kwanaki masu yawa. Babu dilan da ya yi laifi a nan. Ka samu na biyu wanda kayansa ba hanya ɗaya suke bi da na farkon ba, ka riƙa ba shi ƙaramar oda lokaci-lokaci ko da ya ɗan fi tsada, don ka san ingancin kayansa da kwanakin da yake ɗauka, shi ma ya san sunanka kafin ranar da kowa zai rufe shi da kira.